Yadda Ake Fitar da Zane Daga Hatimi Mai Gida 25

Duk wanda ya tashi a Katsina idonsa ya saba da zanen da ba ya kwaikwayon mutum ko dabba, ko da kuwa bai taɓa tsayawa ya sa masa suna ba. Yana nan a jikin faifan da ake rufe ƙwaryar fura da shi, yana nan a aska takwas ta gaban babbar riga ranar hawan salla, yana nan a allon zayyanar da ake yi wa yaro idan ya sauke Alƙur'ani, haka kuma a fuskar tsofaffin soraye na cikin gari inda magina suka bi bango da dagi. Masu zanen Turai ba su rungumi wannan hanya a kan allunansu ba sai a farkon ƙarni na 20. A 1915 Kazimir Malevich na Rasha ya nuna baƙin murabba'i a kan farin fili, Piet Mondrian na Holan ya taƙaita aikinsa ga baƙaƙen layuka na tsaye da na kwance tare da ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, sannan makarantar Bauhaus da aka buɗe a Jamus a 1919 ta mayar da siffa da launi darasin da ake koyarwa a aji.

Abin da ya raba irin wannan zane da cike allo da siffofi barkatai shi ne ƙa'ida. Mai zanen yana kafa dokar aikinsa tun bai buɗe gwangwanin fenti ba, dokar ce take faɗa masa inda kowace siffa za ta zauna da launin da za ta ɗauka, shi kuma aikinsa shi ne ya zaɓi doka mai kyau, ya haɗa launuka masu zaman lafiya da juna, ya tsaftace hannunsa. Dokar da na fi so in fara koya wa mutum ita ce ta hatimi, saboda tamu ce tun da daɗewa. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, masanin lissafi da taurari ɗan ƙasar Katsina wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta a 1732 hanyoyin gina hatimi mai gefe mara, wato irin mai gida uku ko biyar ko bakwai a kowane gefe. Abin da ya shafe mu a nan shi ne lissafin hatimin kawai: lambobi ne a jere cikin gidaje, waɗanda jimillarsu take zama ɗaya ta kowane layi aka bi.

A fara da takarda

Ka zana murabba'i a takarda, ka raba shi gida biyar a kwance da biyar a tsaye, ka sami gida 25. Ka rubuta 1 a gidan tsakiya na layin sama. Daga nan kowace lamba tana zama ne a gidan da yake sama da taki ɗaya, dama da taki ɗaya daga wadda ta gabace ta. Idan takin ya fitar da kai ta sama, sai ka dawo can ƙasan wannan layin na tsaye. Idan ya fitar da kai ta dama, sai ka dawo can hagun wannan layin na kwance. Idan kuwa ka tarar da gidan da mai shi, sai ka ajiye lambar a ƙarƙashin wadda ka rubuta yanzu. Saboda haka 2 za ta faɗa layin ƙasa a gida na huɗu, 3 ta hau sama da ita ta dama, 4 ta zagayo hagu, 5 ta bi ta, ita kuwa 6 za ta tarar da 1 a gabanta, sai ta sauka ƙarƙashin 5. Haka 16 za ta zauna ƙarƙashin 15 idan an kai kusurwar sama ta dama. Idan ka bi daidai ga abin da za ka samu:

17 24 1 8 15
23 5 7 14 16
4 6 13 20 22
10 12 19 21 3
11 18 25 2 9

Ka tara kowane layi, na kwance da na tsaye da biyun da suka ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa. Kowanne dole ya ba ka 65, idan ɗaya ya saɓa to akwai inda ƙafarka ta zame, gara ka sake tun yanzu.

Yanzu kowace lamba za ta gaya maka abu biyu. Na farko shi ne rukuninta: 1 zuwa 5 rukuni na ɗaya, 6 zuwa 10 na biyu, 11 zuwa 15 na uku, 16 zuwa 20 na huɗu, 21 zuwa 25 na biyar. Na biyu shi ne matsayinta a cikin rukunin, misali 17 ita ce ta biyu a rukuni na huɗu, 25 kuma ta biyar a rukuni na biyar. Rukuni shi zai ba da launin filin gidan. Matsayi kuma shi zai ba da girman ƙaramin murabba'in da za a zana a tsakiyar gidan, wanda zan riƙa kira ƙwaya: ta ɗaya santimita 2, ta biyu 4, ta uku 6, ta huɗu 8, ta biyar 10, a cikin gida mai santimita 12. Ƙwaya tana ɗaukar launin rukunin da yake gaba da nata da taki biyu, wato filin rukuni na ɗaya yana ɗauke da ƙwaya mai launi na uku, na biyu mai na huɗu, na uku mai na biyar, na huɗu ya zagayo ya ɗauki na ɗaya, na biyar ya ɗauki na biyu.

Ya kamata ka dakata a nan ka duba abin da wannan 'yar doka ta haifar, domin shi ne ƙashin bayan zanen. A kowane layi na kwance ko na tsaye, kowane launin fili ya fito sau ɗaya tak, kowane girman ƙwaya ma sau ɗaya, kuma babu gida biyu a duk allon da suka yi tarayya a launi da girma gaba ɗaya. Launukan fili suna hawa kamar matakala daga hagu zuwa dama, yayin da girman ƙwayoyin yake bin wata hanya dabam, don haka ido yana jin akwai tsari amma ba ya ƙure shi a kallo ɗaya. Akwai kuma wani adalci a ɓoye. Allon mai santimita 60 a kowane gefe yana da faɗin murabba'in santimita 3,600. Kowane launi yana da fili biyar, ana cire masa ƙwayoyi biyar waɗanda jimillar faɗinsu murabba'in santimita 220 ce, sannan a mayar masa da 220 ɗin a matsayin ƙwayoyinsa da suke zaune a gidajen wasu. Sakamakon shi ne kowane launi ya sami 720 daidai, kashi ɗaya cikin biyar ba ragi ba ƙari. Richard Paul Lohse na Suwizalan ya shafe shekaru masu yawa yana yin zanen da launuka suke raba allo daidai wa daida irin haka.

Zaɓen launi

Lissafi ya gama nasa, saura na ido, kuma a nan ne mafi yawan masu farawa suke ɓata aikinsu, saboda suna ɗauko launuka biyar mafi kaifi da suka gani a shago su jera su, kowanne yana neman ya danne ɗan'uwansa. A da'irar launuka, wato zagayen da masu zane suke jera launuka a kai, akwai maƙwabta akwai kishiyoyi. Ja da ruwan goro da ruwan ɗorawa maƙwabta ne, suna zama wuri ɗaya ba rikici. Shuɗi kuwa kishiyar ruwan goro ne, kamar yadda kore yake kishiyar ja, kuma idan kishiyoyi suka haɗa kafaɗa kowanne yana ƙara wa ɗayan ƙarfi. Shawarata ita ce a ɗauki maƙwabta su zama masu gida, a kawo kishiya guda ɗaya ta tayar da su. Ga biyar ɗin da na fi amincewa da su, a jere daga mai duhu zuwa mai haske: na ɗaya shuɗin baba mai duhu irin na rigar da ta fito daga marina, na biyu jan ƙasa irin na tubalin ganuwa, na uku ruwan goro, na huɗu ruwan ɗorawa, na biyar farar ƙasa.

Jera su daga duhu zuwa haske ba ado ba ne, shi ya sa dokar taki biyu take aiki. Da ƙwaya ta ɗauki launin da yake maƙale da na filinta, da ruwan ɗorawa ya narke cikin ruwan goro ba a gane iyakarsu daga nesa. Da aka tsallake ɗaya, sai ruwan goro ya zauna a kan shuɗi, ɗorawa a kan jan ƙasa, fari a kan goro, shuɗi a kan ɗorawa, jan ƙasa a kan fari, kowace ƙwaya ta fito sarai. Hanya mai sauƙi ta gwada wannan ita ce ka shafa launukan a guntayen kwali, ka jera su, ka ɗauki hotonsu da waya ka mayar da shi baƙi da fari. Idan biyu daga ciki suka koma toka iri ɗaya, sai ka ƙara wa ɗaya duhu ko haske har matakan biyar su rabu.

Kada ka yi amfani da launi yadda ya fito daga gwangwani. Ka fara haɗa jan ƙasa, wato ja da ɗan ruwan ɗorawa da ɗigon shuɗi, sannan ka ɗiga kaɗan daga cikinsa a sauran huɗun, har da farin da shuɗin. Wannan ɗigon yana yi wa launuka abin da daddawa take yi wa miya, ba a ganinsa amma shi yake haɗa kansu. Ruwan goro da ruwan ɗorawa sun fi bukatar a kwantar da su. Ko da yake lissafi ya ba kowane launi rabo daidai, ido ba ya auna su daidai, domin launi mai haske da zafi yana cika wuri fiye da girmansa. Johannes Itten, ɗaya daga malaman Bauhaus, ya koyar da cewa ruwan goro da shuɗi suna daidaita ne idan goron ya ɗauki kashi ɗaya shuɗin ya ɗauki biyu. Tun da dokarmu ba ta yarda a rage faɗin goron ba, sai a rage kaifinsa da ɗigon shuɗi.

Akwai abu guda da sai ka gwada da hannunka za ka yarda da shi. Ka yanki guntu biyu daga kwalin da ka shafa wa ruwan goro, ka ɗora ɗaya a kan shuɗin baba, ɗaya a kan farar ƙasa, ka ja da baya taki uku. Na kan shuɗin zai yi haske kamar garwashi, na kan farin kuwa zai yi duhu ya dushe, alhali buroshi ɗaya ne ya shafa su. Wani masanin sinadarai Bafaranshe, Michel Eugène Chevreul, wanda ya shugabanci sashen rini na masaƙar Gobelins a birnin Faris, ya ci karo da wannan lokacin da aka yi ƙorafin cewa baƙin zarensu ba ya da ƙarfi. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiyarsa lau, launin da yake kusa da shi ne yake sauya shi a ido, ya kuma wallafa bayanin a 1839. Josef Albers, wanda ya bar Jamus zuwa Amurka a 1933, ya zana ɗaruruwan alluna na murabba'i cikin murabba'i daga 1950 har ƙarshen rayuwarsa, yana bin diddigin wannan al'amari guda. Abin da wannan yake nufi gare ka shi ne ba a yanke wa launi hukunci shi kaɗai a cikin gwangwani. Ka yi gwajin haɗi biyar ɗin nan a kwali, ka bari su bushe tun da fentin ruwa yakan sauya kaɗan idan ya bushe, ka kuma duba su a inuwa da rana, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. Idan sun kwanta maka, ka haɗa kowanne da yawa a lokaci ɗaya ka rufe a mazubi mai murfi. Rabin gwangwanin madara na kowane launi ya isa har ya yi saura, kuma ya fi a ce ya ƙare ana tsakiyar aiki, domin da wuya haɗi na biyu ya zo daidai da na farko.

Allo da awo

Ka sa kafinta ya yanka maka filawud mai santsi santimita 60 da 60, ya buga masa siraran katako ta baya don kada ya lanƙwashe da damina. Kafin ka karɓa ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu, kowanne ya kamata ya ba ka kusan santimita 84.9, idan sun bambanta to allon ya karkace. Za ka iya kuma gwada kusurwa da awon magina: 30 a gefe ɗaya, 40 a ɗayan, tsakaninsu ya zama 50. Ka goge shi da sanfefa, ka shafa farin fentin ruwa sau biyu gaba da baya, ka sake bi da sanfefa mai laushi.

Wajen fitar da gidaje, ka ɗora rula ko tef sau ɗaya ka yi alama a 12 da 24 da 36 da 48, maimakon ka riƙa auna 12 kana ɗagawa kana sake aunawa, saboda ƙaramin kuskure yana taruwa ya zama babba a gida na ƙarshe. Ka yi haka a gefe huɗu, ka haɗa alamomin da fensir mai tsini ba tare da dannawa ba. Ƙwayoyin ma suna da gajeriyar hanya: ka cire matsayin lambar daga 6, abin da ya rage shi ne tazarar da za ka bari daga kowane bangon gida. Ƙwaya ta ɗaya tana barin santimita 5, ta biyar tana barin 1. Gidan tsakiya mai lamba 13 zai zama filin ruwan goro da farar ƙwaya mai santimita 6, tazara 3 ta kowane gefe. Ka rubuta harafin farko na launi a kowane fili da kowace ƙwaya da fensir kafin ka ci gaba, domin wuri 50 ne za ka shafa, kuma kai yana rikicewa.

Ana shafa launi ɗaya ne a lokaci ɗaya, a wurarensa goma, a fara da mai haske a ƙare da shuɗi. Kada ka shafe gida duka sannan ka ɗora ƙwaya a kai, saboda ruwan goro ba ya rufe shuɗi, zai fito da datti ko ka yi masa shafi huɗu. Kowane launi ya zauna a kan farin allo kai tsaye. Ka kewaye wurin da tef ɗin takarda, ka murza bakinsa da bayan cokali har ya kama, ka ɗebi fenti kaɗan, ka riƙa jan buroshi daga kan tef ɗin zuwa ciki, domin idan ka tura fenti zuwa bakin tef zai kutsa ƙarƙashinsa. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Ka cire tef ɗin tun fentin yana da ɗan danshi, kana jansa a kwance zuwa baya a hankali, kuma kada ka manna sabon tef a kan launin da bai kwana ba. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, saboda haka ka yi aikin a cikin ɗaki, ka yayyafa ruwa a ƙasa, ka kife babban kwali a kan allon yana bushewa ba tare da ya taɓa shi ba. Da bazara kuwa fenti yana bushewa a bakin buroshi, gara ka yi aiki da sassafe.

Akwai jarabawar da za ta zo maka wajen launi na uku ko na huɗu, lokacin da allon ya fara bayyana. Za ka ga wani gida ya yi maka ƙarfi, zuciyarka ta ce ka sauya shi shi kaɗai. A allona na farko na yi haka da gida mai lamba 20, wanda ɗorawarsa ta yi mini kaifi, sai na mayar da shi fari. Wani dattijo maɗinkin hula da muke unguwa ɗaya ya shigo zaure, ya tsaya gaban allon bai san komai game da hatimin da yake ƙarƙashinsa ba, ya ɗora yatsa a kan wannan gidan ya ce, "Ɗana, wannan baƙo ne a nan." Na ce, "Baba, me ka gani?" Ya ce fari biyu sun haɗu a layi ɗaya, alhali sauran layukan ba haka suke ba. Shekarun da ya yi yana ƙirga zare sun koya wa idonsa ganin inda tsari ya karye. Gyaran da ya dace shi ne in kwantar da ɗorawar a mazubinta in sake shafa ta a wurarenta goma, kuma abin da na yi ke nan washegari. Idan launi ya dame ka, launin za ka gyara a ko'ina yake, ba gida guda ba.

Idan an gama, ka goge ragowar fensir, ka shafa gefen allon da shuɗin baba, ka jingina shi a bango ka kalle shi daga nisan taki biyar na 'yan kwanaki kafin ka yanke hukunci a kansa. Ka rubuta hatimin da yadda ka haɗa kowane launi a bayan allon. Albers ma yakan rubuta sunayen fentin da ya yi amfani da su a bayan allunansa, kuma ranar da allon ya ƙuje za ka gode wa wannan rubutu.

Allo na biyu ba sai ka sake doka gaba ɗaya ba, abu ɗaya za ka taɓa ka ga abin da zai faru. Kana iya mayar da ƙwayoyin da'ira da kamfas, ko ka saukar da su kusa da ƙasan gida maimakon tsakiya, ko ka ɗauki girmansu daga jerin Fibonacci, wanda kowace lamba a cikinsa jimillar biyun da suka gabace ta ce, wato 1 da 2 da 3 da 5 da 8 a cikin gida mai santimita 13, allon ya zama santimita 65 a kowane gefe. Wanda yake son gidaje su ƙaru ya tsallake zuwa bakwai, hatimi mai gida 49 da jimilla 175, wanda ake gina shi da takin nan na sama da dama, sai dai yana bukatar launi bakwai da girma bakwai. Shida kam kada ka ɓata lokacinka a kanta. Masanin lissafi Leonhard Euler ya yi hasashe a 1782 cewa ba za a iya jera abu biyu masu iri shida-shida a gida 36 ta yadda kowanne zai fito sau ɗaya a kowane layi ba tare da an maimaita haɗi ba, wani masanin lissafin kuma, Gaston Tarry, ya tabbatar da hakan a 1900. A allo mai gida 49, gida mai santimita 10 ya wadatar, ƙwayoyin su tashi daga 2 zuwa 8, launuka biyun da za ka ƙara kuma ka nemo su tsakanin shuɗin baba da jan ƙasa, inda tazarar duhu ta fi faɗi.